Gani ya kori ji: Manhajojin mayar da jerin hotuna bidiyo da amanar da ke wuyan mai haɗawa

Babu wata ma'aikatar tarayya a Abuja da ba ta da tarin hotuna. Suna nan cikin wayoyin jami'an yaɗa labarai, da kwamfutocin sashen tsare-tsare, da ƴan filasha da ke kwance a aljihun tebur: ranar aza harsashi, ranar ziyarar gani da ido, ranar zuba kankare, ranar yanke ƙyalle. A shekarun baya makomar irin waɗannan hotuna ita ce shafukan ƙarshe na rahoton shekara, ko allon sanarwa na bakin ƙofa. Yanzu kuwa abin da ake nema daga hadimi shi ne ya mayar da su bidiyo na minti ɗaya, wanda za a haska a taron manema labarai, a ɗora a shafin ma'aikata na X da Facebook, a kuma tura wa mai gida ta WhatsApp kafin ya shiga taro.

Buƙatar ta ƙaru tun daga Nuwamban 2023, lokacin da ministoci da manyan sakatarori suka rattaba hannu kan yarjejeniyar cika aiki a gaban Shugaba Bola Tinubu. Wanda za a auna shi da abin da ya yi, dole ya so a gani. Su ma masu bibiya ba su zauna ba. Hukumar ICPC na bin diddigin ayyukan mazaɓu tun 2019, ƙungiyar BudgIT na da shirinta na Tracka tun 2014, sannan a ƙarshen 2022 gwamnati da kanta ta ƙaddamar da manhajar Eyemark domin ƴan ƙasa su riƙa ɗora hotunan ayyukan da ke unguwanninsu. Ke nan duk bidiyon da ofis ya fitar, akwai mai riƙe da wani hoton na wannan wurin da zai gwada shi da shi.

Manhajojin da ke wannan aiki sun yi yawa, da dama daga cikinsu kyauta ne, kuma koyonsu ba ya wuce yini guda. Wahalar tana gaban manhajar da bayanta: yadda aka ɗauki hotunan, yadda aka jera su, abin da aka cire, da kuma ko an ajiye na asali. Waɗannan ne ke raba bidiyon da zai tsaya a matsayin shaida da wanda zai zama abin kunya ga ofis.

Daga dokin Stanford zuwa wayar hannu

Kowane bidiyo, daga fim ɗin Kannywood har labarun ƙarfe tara na NTA, jerin hotuna ne marasa motsi da ake haskawa da sauri ɗaya bayan ɗaya. Idan saurin ya kai wani mizani, ido da ƙwaƙwalwa sukan daina rarrabe su, sai mutum ya ga motsi.

Wanda ya fara nuna haka a fili shi ne Eadweard Muybridge, mai ɗaukar hoto ɗan asalin Ingila. Leland Stanford, tsohon gwamnan Kalifoniya a Amurka, yana son sanin ko akwai lokacin da doki mai sukuwa yake ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa gaba ɗaya. A 1878, a gonar Stanford da ke Palo Alto, Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen fili, kowace na ɗauka yayin da dokin ya gifta ta gabanta. Hotunan sun nuna cewa lallai akwai wannan lokaci, sa'ad da ƙafafun suka naɗe a ƙarƙashin ciki. Abin lura a nan shi ne, jerin hotuna na farko da ya shahara a duniya an yi shi ne domin raba gardama da hujja. Shekara guda bayan haka Muybridge ya ƙera na'urar da ke haska irin waɗannan hotuna a jere har a ga dokin yana gudu.

A Disamban 1895 ƴan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka fara nuna majigi ga masu biyan kuɗi a birnin Paris, da saurin hotuna kusan 16 a daƙiƙa. Da fim mai magana ya zo a ƙarshen shekarun 1920, sai masana'antar ta tsaya a kan 24. Talabijin kuma ta bi bugun wutar lantarki: ƙasashen da wutarsu ke bugawa sau 50 a daƙiƙa, kamar Najeriya da Birtaniya, suka ɗauki hotuna 25, Amurka mai 60 ta ɗauki kusan 30. Shi ya sa idan bidiyo zai iya kaiwa gidan talabijin a nan gida, 25 ne adadin da ya fi dacewa a zaɓa tun farko.

Aiki uku da ake kira da suna ɗaya

Idan darakta ya ce a mayar da hotuna bidiyo, yana iya nufin ɗaya daga abubuwa uku, kuma kowanne da manhajar da ta fi dacewa da shi.

Na farko shi ne nunin hotuna: hotuna 20 ko 30 na wurare da lokuta daban-daban, kowanne ya tsaya daƙiƙa uku zuwa biyar, da rubutu a ƙasa da murya ko kiɗa a baya. Shi ne aka fi yi wa bikin ritaya da taƙaitaccen rahoton ziyara. Domin kada ido ya gaji, akan sa hoton ya riƙa matsowa ko zamewa gefe a hankali. Wannan salo ya samo suna daga Ken Burns, Ba'amurken da ya gina shirinsa na 1990 kan yaƙin basasar Amurka da dubban tsofaffin hotuna, har kamfanin Apple ya sa sunansa a manhajar iMovie. Kafin shi ma, a 1962, Chris Marker na Faransa ya yi fim ɗin La Jetée na kusan minti 28, wanda kusan dukkansa hotuna ne tsayayyu.

Na biyu shi ne bidiyon taƙaita lokaci. A nan kyamara na tsaye a wuri ɗaya tana ɗaukar hoto lokaci bayan lokaci, na tsawon yini ko shekara, sannan a haska ɗaruruwan hotunan da saurin bidiyo. Gini ya taso daga ƙasa cikin minti guda, gada ta miƙe ta haɗa gaɓa biyu. Wannan shi ne ya fi amfani ga masu sa ido kan ayyuka, kuma shi ya fi buƙatar shiri.

Na uku sabon shiga ne: manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake ba su hoto ɗaya tak su ƙago motsin da kyamara ba ta taɓa gani ba. Biyun farko suna jera abin da aka ɗauka ne. Na uku yana ƙara abin da ba a ɗauka ba, kuma za a dawo kansa a gaba.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a taɓa kwamfuta

Yawancin takaicin da ake samu a bidiyon taƙaita lokaci daga rashin lissafi yake. A saurin hotuna 25 a daƙiƙa, minti ɗaya na cin hotuna 1,500. Jami'in da ya je wurin aiki sau ɗaya a wata na tsawon shekara biyu yana da hotuna 24, wato ƙasa da daƙiƙa guda. Irin wannan tarin sai dai a yi nunin hotuna da shi. Wanda ya ɗauki hoto ɗaya kowace rana na shekara biyu yana da 730, bidiyon daƙiƙa 29. Idan kuwa aka saita kyamara ta riƙa ɗauka duk minti 10 cikin awa 10 na aiki, za a samu 60 a rana, kuma cikin kwanakin aiki 25 an cika minti guda.

Saboda haka ana fara lissafin ne daga ƙarshe: tsawon bidiyon da ake so, a ninka da 25, a raba da yawan kwanakin aikin. Amsar ita ce yawan hotunan da ake buƙata a rana.

Sai batun siffa. Kyamarar waya takan ba da hoto mai faɗin ɗigo 4,000 da tsayin 3,000, alhali allon talabijin da na majigin ɗakin taro sun fi shimfiɗa, 1,920 da 1,080. Dole ko dai a yanke sama da ƙasan hoton, ko a bar baƙin fili a gefe biyu. Mai ɗauka da ya san haka yakan ja baya ya bar sarari, domin kada rufin ginin ya tafi a yanka. Idan kuma bidiyon na masu kallo a waya ne, inda allo ke tsaye, yankan zai koma gefe da gefe, wanda ya fi cin hoto.

Akwai kuma nauyi. Hotuna 1,500 masu megabait huɗu-huɗu sun kai gigabait shida, amma bidiyon minti ɗaya da aka yi da su ba zai wuce megabait 60 ba a ingancin da ake ɗorawa a intanet. Sirrin yana cikin tsarin matse bidiyo irin H.264, wanda aka amince da shi a 2003: maimakon ya adana kowane hoto cikakke, sai ya adana ɗaya, sannan ya riƙa rubuta abin da ya sauya kawai a na bayansa. Wannan babban sauƙi ne wajen turawa, amma yana nufin bidiyon ba zai taɓa maye gurbin hotunan asali ba. Wanda ya goge hotuna don ya riga ya yi bidiyo ya zubar da kashi mafi girma na bayanin.

Wace manhaja, ga wane aiki

Ga nunin hotuna, yawancin ma'aikata suna da abin da suke buƙata a kan teburinsu ba tare da sun sani ba. PowerPoint na iya fitar da shafukansa a matsayin bidiyon MP4, tare da lokacin da aka ware wa kowane shafi da muryar da aka naɗa. Wanda ya saba da tsohuwar Windows Movie Maker, wadda Microsoft ya janye a farkon 2017, zai tarar da Clipchamp a madadinta cikin Windows 11. Masu kwamfutar Apple suna da iMovie. A waya kuwa CapCut ta kamfanin ByteDance da InShot ne suka fi yawo a hannun matasan ofis, saboda saurinsu da tarin salon da suka zo da shi.

Ga bidiyon taƙaita lokaci, ana son manhajar da ke karɓar ɗaruruwan hotuna a matsayin abu guda. DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya tana da nau'in kyauta mai ƙarfi, kuma idan sunayen hotuna na ɗauke da lambobi a jere tana iya ɗaukarsu a matsayin bidiyo ɗaya, sai dai tana son kwamfuta mai ƙwari. Shotcut da Kdenlive da OpenShot kyauta ne gaba ɗaya, kuma sun fi sauƙi ga tsofaffin kwamfutocin ofis. Adobe Premiere Pro ita ce ta ƙwararru da yawa, amma haya ake biya wata-wata ko shekara-shekara, abin da ya kamata a sa a kasafi tun farko, la'akari da yadda canjin kuɗi ke hawa da sauka. LRTimelapse kuma an yi ta ne musamman domin gyara ƙyaftawar haske tsakanin hoto da hoto.

A ƙarƙashin da yawa daga cikin waɗannan akwai inji guda, FFmpeg, wanda masanin kwamfuta ɗan Faransa Fabrice Bellard ya fara a 2000, masu sa kai daga sassan duniya suka ci gaba da rainonsa. Manhajar kallon bidiyo ta VLC da HandBrake da Shotcut duk suna jingine da shi. Ba shi da maɓallai ko hotunan dannawa. Umarni ake rubuta masa. Layi ɗaya ya isa:

ffmpeg -framerate 25 -i hoto%04d.jpg -c:v libx264 -pix_fmt yuv420p aiki.mp4

Ma'anarsa: a ɗauki hotunan da aka sa wa suna hoto0001, hoto0002 har zuwa ƙarshe, a haska 25 a daƙiƙa, a matse su da H.264 cikin tsarin launin da kowace waya ke iya buɗewa, a kira sakamakon aiki.mp4. Fa'idarsa ga ofishin gwamnati ta wuce kasancewarsa kyauta. Ba ya buƙatar intanet, ba ya tura hoto ko'ina, ba ya liƙa tambarin wani kamfani a kusurwa, kuma umarnin da aka rubuta ana iya ajiye shi a fayil, ta yadda ko bayan shekara biyar wani jami'in zai maimaita aikin ya samu abu iri ɗaya. Sharaɗi guda da ke yawan tuntuɓe da sababbin shiga shi ne, a wannan tsari faɗi da tsayin hoton dole su kasance lambobin da biyu ke rabawa.

Akwai wani tarko da ya shafi dukkan manhajojin: jerin suna. Wasu suna karanta lamba kamar harafi, sai su sa hoto10 da hoto11 kafin hoto2. Shi ya sa ake cika gaba da sifili. Haka kuma kyamarori da yawa idan sun kai 9999 sukan koma 0001, sai hotunan ƙarshen aiki su faɗo farko, a ga gini yana rushewa maimakon tashi. Mafita ita ce a kwafi hotunan zuwa sabuwar folda, a sake musu suna bisa ranar ɗauka, a bar na asali yadda suke.

Tun ran gini, ran zane

Babu manhajar da za ta ceto hotunan da aka ɗauka daga wurare daban-daban. Idan yau an tsaya a bakin ƙofa, gobe an hau tulin yashi, bidiyon zai riƙa tsalle har ya sa mai kallo jiri. Kamfanonin gine-gine da ke irin wannan aiki sukan kafa kyamara a kan dogon ƙarfe ko rufin maƙwabta, cikin akwatin da ke kare ta daga ruwa da ƙura, da farantin sola da batir. Ofishin da ba shi da wannan hali yana iya zuba ɗan dabe a wuri ɗaya, a yi alamar inda ƙafafun kyamara uku za su riƙa zama, a auna tsayinta, a zaɓi wani abu da ba ya motsi, kamar turken wuta ko dutse, a riƙa sa shi a kusurwa ɗaya kullum.

Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗin. Hasken Abuja a watan Janairu, lokacin da hazo ya rufe duwatsu, ba ɗaya yake da na Agusta ba, sa'ad da hadari ke haɗuwa ya watse sau uku a yini. Kyamarar da aka bari ta zaɓi haske da kanta za ta ba da hoto mai duhu yanzu, mai haske an jima, bidiyon ya riƙa ƙyaftawa. Ɗauka a sa'a ɗaya kowace rana yana rage wannan, haka ma kulle ma'aunin launi da na nisa. Goge gilashin kyamara a lokacin hunturu aiki ne na kowane mako.

Abu mafi arha kuma mafi muhimmanci shi ne saita agogon kyamara. Kowane hoto yana ɗauke da ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF: rana, sa'a, irin na'urar, har da wurin da aka tsaya idan an kunna GPS. Wannan bayani shi ne takardar haihuwar hoton. Idan aka tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar takan matse shi ta kuma cire wannan bayanin; idan aka tura shi a matsayin fayil, yakan isa da shi. Injiniyan da ke aiko da hotuna daga Gashuwa ko Ogoja yana buƙatar a gaya masa wannan tun ranar farko.

Mai son amfani da jirgi maras matuƙi ya tuna cewa sai da izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta NCAA da Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro.

Inda ƙarya ke samun ƙofa

Bidiyon taƙaita lokaci yana da wata ɗabi'a da ya kamata mai haɗawa ya sani: ba ya nuna jinkiri sai an bar shi ya nuna. A ce an yi wata takwas ba a aiki a wurin, ɗan kwangila ya kwashe kayansa, ciyawa ta rufe tubali. Cire hotunan waɗannan watanni aikin daƙiƙa biyar ne, kuma bidiyon zai fi daɗin kallo. Kowane hoto da ya rage gaskiya ne, amma labarin da jerin ya bayar ƙarya ne, domin mai kallo zai ɗauka aiki bai taɓa tsayawa ba. Haka ma zaɓar kusurwar da ke nuna kilomita biyun da aka shimfiɗa wa kwalta, a bar ashirin ɗin da ke bayan mai ɗauka.

Maganin wannan yana cikin manhajar ita kanta. Wasu daga cikinsu suna iya buga ranar ɗauka a kusurwar kowane hoto. Idan kwanan wata na gudu a allo, duk tsallaken da aka yi zai bayyana, kuma ofis na iya sa rubutu ya faɗi dalili: damina ce, ko jinkirin sakin kuɗi, ko shari'ar diyya. Masu kallo sun san ayyuka na tsayawa. Abin da ba sa yafewa shi ne a raina musu hankali.

Ya kamata kuma a tuna cewa akwai wata kyamarar da ba ta ƙarƙashin ikon kowane ofis. Taurarin ɗan'adam na Landsat suna ɗaukar doron ƙasa tun 1972, kuma Google Earth ya jera irin waɗannan hotuna daga 1984 ya mayar da su bidiyon da kowa zai iya buɗewa. A ciki ana ganin yadda Abuja ta bazu tun kafin ta zama mazaunin gwamnati a Disamban 1991, da yadda ruwan Tafkin Chadi ke ja da baya yana dawowa. A sashen tsofaffin hotuna na manhajar, ɗan jarida na iya duba babban aiki irin gadar Neja ta biyu, mai tsawon kilomita 1.6 tsakanin Asaba da Onitsha, wadda aka buɗe a Mayun 2023, ya ga yadda take a shekaru daban-daban. Duk aikin da ya kai girman a hango shi daga sama, yana da tarihin da ba a rubuta shi a ma'aikata ba.

Sai babbar ƙofa, wato aiki na uku da aka ambata a baya. A farkon 2021 kamfanin MyHeritage ya fitar da Deep Nostalgia, wadda ke sa fuskar tsohon hoto ta yi murmushi ta juya kai. Daga nan abin ya yi sauri: Runway a 2023, sannan Sora ta OpenAI, da Veo ta Google, da Kling ta kamfanin Kuaishou na Sin a 2024. A ba irin waɗannan manhajoji hoton asibitin da aka gama fentinsa, a rubuta musu jimla ɗaya, sai su cika harabar da majinyata da ma'aikatan jinya suna kai da komo. A ba su hoton famfon burtsatse, su sa ruwa ya zubo. Ba su san ko akwai likita a asibitin ba, ba su san ko rijiyar ta ƙafe ba. Suna zana abin da ya saba biyo bayan irin wannan hoto ne, bisa ɗimbin bidiyon da aka horar da su da shi.

Akwai wurin da wannan ke da amfani na halal, kamar nuna yadda gini zai kasance idan an kammala, muddin an rubuta ɓaro-ɓaro a kan allo cewa zane ne na kwamfuta, daga farkon bidiyon har ƙarshensa. Matsalar ita ce yanzu ana cusa irin wannan fasaha cikin manhajojin waya na yau da kullum, maɓallinta na kusa da na yanka da na sa kiɗa. Matashin da aka ba aikin yana iya danna shi da niyyar ƙawata bidiyo, ba tare da ya lura ya tsallaka daga rahoto zuwa ƙage ba. Ranar da wani mazaunin garin ya ɗora hoton famfon a bushe, ba sunan manhajar za a kira ba. Sunan minista za a kira, daga nan a gangaro kan wanda ya sa hannu aka fitar.

Manyan kamfanoni sun fara neman magani. A 2021 Adobe da Microsoft da BBC da wasu suka kafa ƙawancen C2PA, domin samar da hatimin da ke bin hoto ko bidiyo yana faɗin inda ya fito da abin da aka yi masa. Har yanzu bai game ko'ina ba, don haka nauyin na kan ofis.

Abin da doka ta tanada

Hoton aikin gwamnati takardar gwamnati ce. Dokar Ƴancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanan da hukuma ke riƙe da su, ba tare da la'akari da siffar da aka adana su ba. Idan magana ta kai kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman a bayyana na'urar da ta samar da abin da aka gabatar da yadda aka samar da shi. Ofishin da ke da hotunan asali, da bayanansu na EXIF, da rubutaccen bayanin manhajar da aka yi amfani da ita, ya riga ya yi rabin wannan aiki.

Sai batun inda hotunan ke tafiya. Shafukan intanet da ke haɗa bidiyo kyauta, da sassan manhajojin waya da ke aiki da ƙirƙirarriyar basira, sukan ɗora hotunan ne a kan rumbunan kamfani a ƙasashen waje. Ga hotunan bikin ofis wannan ba wani abu ba ne. Ga tashar wutar lantarki, ko barikin soja, ko ɗakin ajiyar bayanai, magana ce ta tsaro, kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan daram. Ƙa'idojin hukumar NITDA ma sun tanadi a riƙa adana bayanan gwamnati a cikin gida. Fuskokin mutane kuma, musamman yara ƴan makaranta da majinyata da masu karɓar tallafi, suna ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2023. Kiɗan da aka ɗora a baya shi ma yana da mai shi. Facebook da YouTube suna da na'urorin gane waƙa, kuma sukan kashe sautin bidiyo ko su toshe shi, ko da na ma'aikata ne.

Kafin a danna maɓallin turawa

Ofishin da ke son cin moriyar waɗannan manhajoji ba tare da ya ƙone hannunsa ba, ƴan ƙa'idoji kaɗan yake buƙata, kuma ba sa cin ko kwabo. A ajiye hotunan asali a wuri biyu, a ma'ajiyar ofis maimakon wayar jami'in da za a iya yi wa sauyin wurin aiki gobe. A buga kwanan wata a kan allo. Duk abin da kwamfuta ta ƙago a rubuta cewa ƙagagge ne. A yi aikin wurare masu muhimmanci a kwamfutar da ba ta tura komai waje. Sannan kafin a fitar, injiniya ko jami'in da ya taka wurin da ƙafarsa ya kalli bidiyon, ya tabbatar cewa abin da ke allo shi ne abin da ke ƙasa.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma wannan karin magana ce ta ba bidiyo ƙarfin da rahoto mai shafi ɗari ba shi da shi. Ƙarfin ya dogara ne kan yardar mai kallo cewa abin da aka nuna masa ya faru. Ma'aikatar da aka kama sau ɗaya da ruwan famfo na ƙarya, za ta daɗe tana nuna gadoji na gaske ana cewa kwamfuta ce ta zana.